Ranar da Na Shiga Cikin Ƙafar 'Yata

Jiya na yi wani mafarki, kuma ba da dare ba, da rana tsaka bayan azahar, ina zaune kan tabarma a gefen katifa da gwangwanin man zafi a cinyata. Da fushi barcin ya sace ni, da fushi na yi mafarkin, har yanzun nan ban gama hucewa ba.

Ga abin da ya kawo fushin. Sunana Tasalla, shekarata talatin da huɗu ina aikin ungozoma a unguwarmu. 'Yata ta fari ta zo wankan gida, kwananta goma sha biyu da haihuwa. Da yake 'yar fari ce ba na kama sunanta, saboda haka a nan ma Maijego zan riƙa cewa. Kwana uku ke nan ƙafarta ta hagu ta kumbura tun daga idon sawu har gwiwa, ta yi zafi, ta yi sheƙi, ga zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Na yi abin da na gada. Na hana ta ko taka ƙasa, na riƙa gasa ƙafar da ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, in bi da tausa.

Da hantsi sai ga Suwaiba, nas ɗin da ke bayan layinmu, ta leƙo ganin jaririya. Tana ɗaga zanin da ke kan ƙafar, fuskarta ta canza.

"Inna, don Allah ki daina taɓa ƙafar nan," in ji ta. "Ina tsoron gudan jini ne ya tsaya a jijiya. Idan cuta ta shiga jiki, fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin jiki, su ne ke sa jini ya daskare don su tare ta wuri ɗaya. Wani lokaci sai su wuce gona da iri. In aka danna, gudan zai iya ɓallewa ya tafi huhu, in ya je can kuwa sai dai wani ikon Allah. Ku kai ta babban asibiti yau, a yi hoto, a fara mata allura."

Suwaibar nan ni na yanke mata cibiya. Ranar da ta faɗo duniya ƙin kuka ta yi, sai da na yayyafa mata ruwan sanyi. Yau ita ce a tsaye a ɗakina, da ɗan agogo maƙale a ƙirji, tana koya mini ƙafar maijego.

"Sojoji?" na ce. "A cikin ƙafa? To in kin koma ki gaishe mini da kwamandansu."

Ta rubuta takarda ta ajiye, ta fita idonta ya ciko. Na cusa takardar ƙarƙashin tabarmata. Ni dai na san sanyi ne ya taru a ƙafar, sanyi kuwa ba ya jin lallashi, don haka na ƙudurta tausar yau sai ta ninka ta jiya. Na ɗauko man zafi, na tarar Maijego ta samu barci, sai na zauna jiran ta farka.

Kawai sai na gan ni a cikin wani dogon lungu mai rufi, bango ja, ƙasa ja, ga kogi a tsakiya. An kafa allo an rubuta: Nan ce Ƙafar Hagu, an hana tsayuwa. Ban yi boko ba, amma na karanta shi tas. Kogin tudu yake hawa maimakon ya gangara, sai dai a ranar ko hawan ba ya yi, ruwan ya yi kauri kamar kunun da ya kwana. Ana yayyafi, amma daga ƙasa yake tasowa ya ratsa rufi ya fice. Na tambayi wani mutum da ke kusa da ni, ya ce gumin mai garin ne ake fitarwa.

Mutumin ɗan dako ne, da jar hula, ya ɗora ƙwarya a ka babu komai a cikinta. Bayansa akwai irinsa dubbai, kowa da jar hula da ƙwarya, sun yi cirko-cirko a cikin ruwa.

"Ina za ku?" na tambaye shi.

"Huhu, Hajiya. Mun kai wa 'yan yatsu iska, za mu koma mu ɗebo wata. Kwananmu uku a nan."

"Me ya tsayar da ku?"

"Abu biyu. Na farko, garin ya daina tafiya. Mu nan in gari bai taka ƙasa ba, kogi ba ya hawa. An ce wata mata ce a can waje ta hana shi motsi."

"Na biyun fa?"

Ya nuna gaba da leɓe.

Ban tsaya jin gulmar wata mata ba. Na tattare zanina na kutsa cikinsu, ina ture wannan ina taka wancan, duk wanda na taka sai ya ce mini sannu.

Na tarar da shinge tun daga ƙasa har rufi, ba na ƙaya ba, ba na bulo ba, na zare. Farin zare ne aka saƙa, aka sake saƙawa a kai, har ya yi kaurin katangar gida. 'Yan dako sun fi ɗari a maƙale a cikinsa, wani a kife, wani ƙafa sama, kowa riƙe da ƙwaryarsa yana tambayar na kusa da shi ya gajiya. Hanyar da ta rage ba ta fi ƙofar akurki ba. A gaban shingen 'yan sintiri ne masu fararen kaya, kowanne da kai uku a wuya ɗaya. Babbansu kai ɗaya gare shi, sai dai Allah Ya yi masa tumbi, ga usur rataye a wuyansa.

"Wa ya toshe hanyar nan?" na ce.

"Ni," in ji mai tumbin. "Ni ne Kwamanda. Gaisuwarki ta iso, ina amsawa."

Abin bai ba ni dariya ba.

"Uban wa ya aike ka?"

"Ɓarayi sun shigo gari, Hajiya. Kwana goma sha biyu da suka wuce wata baƙuwa ta fita ta babbar ƙofa, kafin a gama rufewa suka sulalo." Ya sa hannu cikin ruwa ya cafko wani ɗan abu mai jela, ya jefa baki ya haɗiye, ya yi gyatsa ya yi hamdala. "In muka bar hanya a buɗe, kogi zai kwashe su ya raba su gari-gari. Shi ya sa muke tare su a inda muka gan su."

"Ɓarayi nawa shingen ya kama?"

"Goma sha ɗaya."

"'Yan dako fa?"

"Ba ma ƙirga 'yan dako."

Na ce masa garin neman gira zai rasa ido, kuma idon ba na gidansu ba ne, na 'yata ne. Na ce masa na ga sakarkaru iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa ganin maigadin da zai shaƙe maigida don kada ɓarawo ya same shi ba. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita su a nan ba. Ya bar ni na gama, yana sakace.

"Ai ke kika nema," ya ce. "Ranar da baƙuwar ta fita jini ya ɓalle, wa ya durƙusa a bakin ƙofa yana cewa Allah Ka tsayar da jinin nan? Saƙo ya iso. Tun watannin ciki muka tanadi magina don wannan ranar, mu muka tsayar da shi. Ba don mu ba, da tuni kun yi sadakar bakwai. Ke ce ba ki aiko da saƙo na biyu ba."

Na tuna ranar haihuwar jikata. Na tuna zani uku da suka jiƙe, da yadda leɓen Maijego ya yi fari fat. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta ƙara tunzura ni. Sai wani ɗan sintiri ya yi ihu wai ya ga jela. Kwamanda ya busa usur.

Sai ga mu a wani zaure. Magina ne a kwance a jere suna sharar barci, kowa da lamba a goshi. Usur ɗin ya tashi na bakwai. Na bakwai ya miƙe ya sharara wa na goma mari. Na goma ya jawo na biyar, suka haɗu suka mari na biyu. Na biyun nan shi ne ɗan banzan cikinsu. Yana tashi ya mari na ɗaya, sannan ya juya baya ya bi na takwas da na goma sha ɗaya da duk wanda hannunsa ya kai, su kuma su tashi wasu, kafin ka ce kwabo zauren ya kaure da tas-tas. Na ɗaya ne kaɗai ba ya marin kowa. Shi da an mare shi sai ya warware ya zama zare, a kwashe shi a kai shinge, wani na ɗayan ya zo ya kwanta a gurbinsa.

"Wane irin lissafi ne wannan?" na ce. "Bakwai, goma, biyu, ɗaya? Ina na shida?"

"Babu shi," in ji Kwamanda. "An riga an ba shi lamba kafin a gane ba a haife shi ba."

"Zaren ba ya ƙarewa?"

"Ina! Kullum muna aika wa Hanta takarda ta ƙaro. Da zafinsu muke aika takardun, don a san abin na gaggawa ne. Shi ne ku kuke ce wa zazzaɓi."

Muna fitowa, wani ɗan sintiri mai kai uku ya zo ya ƙame ya sara masa. Ya ce, "Oga, zare bai isa ba, zan ba da nawa." Ya ɓalle maɓallan cikinsa, ya zaro abin da ke ciki duka, ya watsa kan shingen yadda masunci ke jefa taru, ya faɗi ya mutu da hannu a goshi. Tarun ya kama ɓarawo ɗaya da 'yan dako arba'in. Sauran suka tafa masa.

"Allah Ya jiƙan wawa," na ce. Na cakumi wuyan rigar Kwamanda. "Na ji, kun gina. To yanzu ku rushe."

"Ba aikina ba ne, Hajiya. Ni farawa na iya. Tsayarwa sai Baba Ya'isa."

Na samu Baba Ya'isa a jikin bangon lungun. Tsoho ne siriri, a tsaye, ƙafafunsa sai rawa suke. Kusa da shi wata tsohuwa ce riƙe da almakashi, an naɗe mata 'yan yatsu da tsumma an ƙulle.

"Kai ne Ya'isa?"

Ya ɗaga kai.

"To me kake jira? Faɗi mana!"

Ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska.

"Ba ya iya magana a tsaye," in ji tsohuwar. "Tun da aka kafa garin nan aikinsa ɗaya ne. Ya zauna kan kujerarsa a jikin bango, in magina sun yi iya abin da ake bukata ya ce ya isa, na biyar da na takwas su koma barci, sauran su bi su. Ni kuma in bi da almakashi in datse abin da ya yi yawa. Da haka muke, ana gini ana ragewa, ba mai jin kanmu. Ranar da aka ce ɓarayi sun shigo, 'yan sintiri suka bi bango suka kwashe kujeru, ni kuma suka ɗaure mini hannu. Sun ce lokacin yaƙi ba a son mai cewa ya isa."

Na kama tsumman zan kwance mata, duk ƙullin da na warware sai biyu su fito. Na bari. Na durƙusa na dafa ƙasa na ce tsohon ya zauna a gadon bayana. Ni Tasalla, da girmana da jikokina, na zama kujera. Ya zauna, ya gyara riga, ya yi gyaran murya, ya ce, "Ya…" Daga nan bai ƙara ba.

"Sai ta bango," in ji tsohuwar. "Suna Ofishin Koke-koke."

Ofishin a bayan gwiwa yake. Kujeru ne jibge har rufi, a gabansu tebur, a bayan teburin wata akuya da tabarau. Duk takardar da aka miƙa mata sai ta karanta ta da kyau, ta buga hatimi, sannan ta cinye.

"Kujera na zo karɓa," na ce.

"Sunan mai garin?"

"Maijego."

"Wannan ba suna ba ne, aiki ne."

"Yarinyar nan dai. Babbar."

"Suna."

"Takwarar kakarta ce ta wajen uba."

"Sunan kakar?"

"Ke, surukata ce fa!"

Akuyar ta cire tabarau ta goge da kunnenta. "To babu kujera."

Na zage ta, na zagi bunsurun da ya haife ta. Na ce mata ranar sunan jikata wadda ta fi ta ƙiba muka kayar, kuma ko miyar ba ta yi daɗi ba. Ta ci gaba da tuƙa. Ina cikin haka idona ya kai taga. Can ƙasa na hango 'yan yatsu biyar sun fara duhu, na hango ƙofar akurkin nan ta shingen ta ƙara tsukewa, yanzu ko ɗan tsako sai ya yi da gaske. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske.

"Barira," na ce.

Shekara ashirin da shida ina jin sunan nan a bakin mutane, ban taɓa ɗora shi a harshena ba. Ashe ba shi da wani nauyi. Kunya ta kama ni, sai kuma na ji haushin kunyar. Akuyar ta rubuta, ta buga hatimi, ta cinye.

"An karɓi kokenki," ta ce. "Ki dawo Larabar da ta wuce."

Na kifar da teburin. Ya faɗi sama ya manne a rufi.

"Hajiya, ki daina ɓata mana kaya," in ji akuyar, ko a jikinta. "Ko na ba ki kujera yau, tsoho ɗaya ba zai tsayar da maginan nan ba, abin ya yi nisa. Sai an kawo ɗauki daga waje. Akwai wasu masu shigowa ta bakin allura, su sa a riƙe hannun na goma da na biyu. In gini ya tsaya, mai almakashi za ta ci shingen a hankali. An ma rubuta takardar kiransu yau da hantsi."

"To tana ina?"

"Wata mata ta zaune ta."

"Wace mata?"

"Ita dai wadda ta hana gari tafiya. Ba mu san sunanta ba, hannunta kawai muke gani. Safe da yamma take zuwa ta danna mu. Jiya ta tsaga shingen ta gefe ɗaya. Shi shinge in yana tsaye, ƙafa ce a wahala. In ya ɓalle kuwa, gari ne gaba ɗaya."

Kada ku yi mini dariya. A mafarki mutum yakan manta hanyar gidansu. Na buga ƙirji na ce, "Ku nuna mini ita. Wallahi yau sai na koya mata hankali. Wace irin jahila ce za ta ga gini ya tsage ta hau dannawa?"

Akuyar ta ɗaga hanci ta shinshina. "Ba sai an nuna miki ba. Ga ta nan."

Warin man zafi ya cika ofishin.

Sai ga ni a gindin shingen. 'Yan dako sun kifa ƙorensu a ka, 'yan sintiri sun rasa wane kai za su ɓoye, Kwamanda ya tura usur cikin riga. Rufin lungun ya lotso, ya yi shara-shara har ana ganin abin da ke bayansa. Hannu ne, yatsu huɗu ta gefe ɗaya, babban yatsa ta ɗaya gefen. Lallen ya koɗe. Akwai zoben azurfa da ya lanƙwashe, ga tabon ƙunar da garwar wanka ta yi mini shekarar da na haifi autana. Na duba hannuna na dama, babu shi, daga wuyan hannu ya ƙare.

Na ɗaga kai na kwarma ihu. "Ke! Ɗauke hannunki!"

Daga sama wata murya ta amso. Na san ta, da ita nake kwana nake tashi. "Daure, yi haƙuri. Sanyi ne. Ni na haife ki, na fi kowa sanin jikinki."

"Tasalla! Da ke nake! Akwai gini a nan, ya tsage!"

"Yaran zamani," in ji muryar. "Wai sojoji." Ta ja tsaki.

Na yi faɗa da mutane da yawa a duniya, da masu awo, da kwandastoci, da likitoci biyu. Ban taɓa gamuwa da mai taurin kai irin matar nan ba. Na roƙe ta, na zage ta, na haɗa ta da Allah da Annabi. Na ce mata ba abin da ta sani sai tafasa ruwa. Na ce mata shekara talatin da huɗun nan ba su ba ta idon ganin cikin ƙafa ba. Ko gezau. Tana ma 'yar waƙar da nake yi in ina tausa.

"Ni dai ginawa na yi, Hajiya," in ji Kwamanda daga bayana. "Ban ce a girgiza ba."

Babban yatsan ya sauko daidai kan shingen, ya danna, ya murza, ya ja sama, yadda na koya wa mata sun fi ashirin. Zare ya fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Wani ɓangare ya ɓalle, girmansa ya kai ɗaki, da 'yan dako a cikinsa. Dannawar ta tura kogin da ya kwana uku a tsaye, ya ɗauki ɓangaren ya yi sama da shi.

Na bi shi da gudu, na yi tsalle na kama wani zare da hannun da ya rage mini. Ya ja ni. Muka wuce gwiwa, akuya ta leƙo ta taga ta ce a sauka lafiya. Muka wuce cinya, hanya sai ƙara faɗi take. Ƙofofin da ke kan hanyar duk sama suke buɗewa, in ka wuce sai su rufe a bayanka. Muka bi ta gefen ciki, na hango babbar ƙofar da jikata ta fita, har yanzu ana gyaranta. Muka shiga Zuciya ta wata ƙofa muka fita ta wata, ba wanda ya tambaye mu daga ina. 'Yan dakon da ke maƙale sai murna suke za su isa gida.

"Hajiya, ki riƙe da kyau," in ji ɗaya daga cikinsu. "Daga nan hanya tsukewa take yi. Inda muka tsaya, nan iska za ta tsaya."

Na hango Huhu. Kasuwa ce ba iyaka, rumfuna ƙanana-ƙanana, kowace tana cika tana sacewa, kuma daga kowace rumfa numfashin Maijego nake ji, irin wanda take yi a wuyana tana goye. Ƙofar kasuwar ba ta kai rabin abin da muke tafe da shi ba. Na kafa ƙafa biyu a bango, na ja zaren da hannu ɗaya da haƙora. Ina ja ina kuka ina tsine wa matar can ta sama. Na kira Ya'isa, na kira mai almakashi, har Kwamanda na kira. Zaren ya riƙa zamewa daga hannuna, don hannun duk man zafi ne.

Sai injin markaɗen Ladidi maƙwabciyarmu ya tashi.

Na buɗe ido. Ina zaune kan tabarma, wuyana ya ƙage, hannuna na dama yana nan inda yake. Maijego ta farka, ban san tun yaushe ba. Ta buɗe gwangwanin da kanta ta ajiye a gefe, ta jawo jiki, ta ɗora kumburarriyar ƙafar a cinyata. Ta riga ta ciji gefen zaninta, yadda take yi don kada a ji kukanta a tsakar gida. Da ta ga na farka sai ta cire zanin.

"Ga ta, Inna."

"Kin ji abin da Suwaiba ta ce ɗazu?"

"Na ji."

"Kin yarda da ita?"

Ta dubi jaririyar da ke barci a gefenta. Sannan ta ce, "Na yarda."

"Kuma kika miƙo mini?"

"Ke kika ce."

Tun da nake ban taɓa jin haushin wani mahaluki kamar yadda na ji haushin kaina a lokacin ba. Na kai hannuwana biyu baya na harɗe su. Na ce mata kada ta motsa, ko kaɗan. Sannan na buɗe murya har ta danne ƙarar injin.

"Ladidi! Kashe abin nan ki nemo mana mota! Ki biya ki kira mini Suwaiba. Ki ce mata ni ce na ce don Allah."